Watan da Baba Ya Shafa da Hannu

Na sha jin kuna gaya wa 'ya'yanku cewa kakanku ya makance ni kuwa ina Sakkwato ina karatu, kuma na lura duk mai faɗar haka yakan sassauta murya idan ya ji takuna. Wasu daga danginmu na Kebbe sun ce guduwa na yi a motar gyaɗa. Wasu sun ce Kawu Bello, ƙanen mahaifiyata, ne ya janye ni da daɗin baki. Ban taɓa musa wa kowa ba, domin kun san ban iya jayayya ba, ko a ofis sai dai in koma gida in rubuta abin da ya kamata in faɗa. Amma yanzu da gwiwoyina suka ƙi hawa, idanuna kuma suka kama hanyar da nasa suka bi, ya kamata in ajiye muku maganar yadda take, a kan takarda, inda muryata ba za ta shaƙe ba. Farkonta yana kan dutse.

Yamma da Kebbe akwai dutsen da a gidanmu ba mu san shi da wani suna ba sai Dutse. Ba wani dogo ba ne; daga baya na ga waɗanda suka ninka shi a hanyar Jos, har na ji kunyar yadda nake kururuta shi a makaranta. Jan marmara ne, gefensa duk geza da sabara, kansa a shimfiɗe kamar faifai, da kuka guda ɗaya a bakin yamma wadda iska ta karkatar. Daga can babu abin da ke tare maka faɗuwar rana. Mahaifina, Malam Haliru, manomi ne mai ɗan karantar da yaran unguwa a zaure, amma abin da aka san shi da shi a garin shi ne duban wata. Shi da amininsa Baffa Sambo, Bafillace mai shanu, tun kafin a haife ni su ne shaidu biyun da Liman yake jira ranar ashirin da tara ga wata. Idan suka ce sun gani, hakimi ya sa a buga bindiga, ɗan aike ya ɗaura sirdi ya nufi Tambuwal. Babu albashi a ciki, babu rawani. Sai dai idan Baba ya ratsa kasuwa, mahauta da masu awo sukan rage rantsuwa har ya wuce.

Da wani ne, da shi kaɗai zai tafi ya gama ya dawo. Baba kuwa sai ya kwashe mu duka, mu da 'ya'yan ƙannensa, maza da mata, har wanda sai an goya shi rabin hanya. Inna takan yi mita tana ɗaure mana hoce a tsumma, wai mutum zai je aikin Allah ya tara yara kamar mai zuwa kalar gyaɗa. Shi kuwa yakan ce allo ya koya mana a zaure, wannan karatun ba ya zama a zaure. Bayan la'asar muke tashi. Mafi ƙanƙanta shi ne a gaba, kowa ya bi takunsa, wanda ya ga ya fi ƙarfin tafiyar sai ya haɗiye saurinsa. Kowa da abin ɗauka, kuma gorar ruwa a kan mai azumi take. Har yau idan na ji ruwa yana kaɗawa a cikin gora sai maƙogwarona ya bushe, in tuna zafin marmara a tafin ƙafa, da ƙaiƙayin geza, da birai suna zaune a kan duwatsu suna kallonmu kamar su ne masu gari. Baba ba ya wa'azi a hanya. Iyakarsa ya tsaya ya jira wanda ƙaya ta soka, ko ya ce wa mai kuka saura kaɗan, kuma bai taɓa cewa saura kaɗan ba sai in kaɗan ɗin ne ya saura.

A can sama dokarsa ɗaya ce. Idan aka sha ruwa aka yi magariba a gaggauce, sai ya warwatsa mu, kowa da mazauninsa, nesa da ɗan'uwansa. Ba a nuni da yatsa, ba a ihu, ba a kallon inda wani yake kallo. Bayan kukar nan akwai wani ɗan kwarmi a jikin dutse wanda Baba ya cika da yashin gulbi mai laushi, shi da kansa ya riƙa hawa da shi a buhu. Duk wanda ya ga wata sai ya taso a hankali ya zagayo, ya zana shi da yatsa: yadda ya kwanta, wane ƙaho ya ɗara, kuma a kan wace bishiya yake. Baba ya duba, ya shafe da tafin hannu, ba zai ce maka daidai ko kuskure ba sai an sauko.

“Ba a aron ido,” haka yakan ce. “In ba ka gani ba, ba ka gani ba. Wanga ba abin kunya na ba.”

Watan azumi bai cika ba mu wahala ba, domin babu yaron da ke ɗokin ya gan shi. Watan Sallah ne mai haɗari. Ka yi wata guda kana jin ƙishi, sabon ɗinki yana jiranka a adaka, kaji suna ɗaure a gindin turmi. A irin wannan yammaci ciki yakan taya ido gani. Ƙanwata Hajo, wadda kuka sani da Gwaggo Hajo, tana 'yar ƙarama ta taɓa zana wa Baba wata a kife, ƙahoni ƙasa, don ta ƙosa a sa mata lalle. Ya daɗe yana kallon zanen, sa'an nan ya ce wannan watan ai ya zubar da ruwan shekara duka. Bai dake ta ba. Washegari aka tashi da azumi, shi kuwa ya yini yana tambayarta labarin watanta, har ta yi fushi ta ƙi cin tuwo. Daga ranar ba ta ƙara ba, kuma a cikinmu babu wanda ya kai ta kaifin ido, ko kaifin baki.

Ni kuwa akasinta ne. Ina iya yini a gida ba a san ina nan ba. Da aka ɗebi yara zuwa makarantar boko aka haɗa da ni, na gama ta Kebbe, aka tura ni babbar firamare a Tambuwal, na zauna a gidan ƙanen Inna, Kawu Bello, malamin asibitin En'e, wato na hukumar gargajiya. A can na samu abin da ya dace da halina: littafi ba ya tsare ka da ido. Nakan ja layi a takarda in goge in sake ja har sai ya miƙe, yara suna kirana Liman Shiru. A kan Dutse ma haka nake. Akwai shekarun da ƙanana suka gani suka zana, ni na sauko ban taɓa yashi ba, domin abin da na hango ban tabbata ba ko wata ne ko hawayen idona. Nakan ji kunya ƙwarai. Baba kuwa a irin wannan ranar yakan ba ni sandarsa in riƙe masa a hanyar dawowa, ban gane dalili ba sai da na girma.

Shekarar da za a ba mu mulkin kai, azumi ya ƙare ne a farkon bazara. A Tambuwal babu zancen da ake yi a shagon tela da bakin asibiti sai na tafiyar Turawa. Kawu yakan ce kujeru za su zama wayam, in 'ya'yan Arewa ba su hau ba wasu za su hau. Cikin haka hedimasta ya kira ni ya ce ina cikin waɗanda aka zaɓa zuwa makarantar horon malamai a Sakkwato, bayan Sallah za a tafi. Na zo gida a goman ƙarshe na azumi da wannan labari a bakina, na kwana biyu kafin in iya faɗarsa. Baba ya ce madalla, bai ƙara komai ba. Na ga wasu abubuwa a kwanakin nan, domin ni mai lura ne, amma ban haɗa su wuri ɗaya ba. Yana karatu da Alƙur'ani a buɗe a gabansa, sai na ga ya wuce shafi bai juya ba. Ya miƙa hannu zai ɗauki buta ya kama iska, Inna ta yi maza ta tura masa da ƙafa kamar ba da gangan ba. Ya daina ɗinke bakin buhu da kansa. Na ce a raina gajiyar azumi ce.

Ranar ashirin da tara muka kama hanya kamar kullum, sai dai da muka isa gindin Dutse ya ce in shiga gabansa, kada in yi nisa. Ina jin sandarsa tana dukan dutse a bayan dugadugaina. Baffa Sambo yana tafe da malfarsa yana tsokanarsa, wai Kaɗo, kamar yadda Fulani ke ce wa Bahaushe, ya tsufa, tuwo ya sauka masa a gwiwa. Baba ya ce gara shi yana da gwiwar da tuwo zai sauka, wani kuwa don siranta in ya tsaya a gona sai a ɗauka sanda ce a ɗaure masa wake. Yara suna ta dariya. Amma na lura duk inda hanya ta yi kwana, Baffa Sambo yakan ɗaga murya ya tsaya ta gefen rami. Muka isa rana tana ja. Muka zauna da gora a tsakiya, babu mai taɓa ta, har ƙwayar ranar ta nutse. Baba ya tambayi Baffa Sambo ko ta faɗi, abin da bai taɓa tambaya ba. Aka sha ruwa, aka gutsuri hoce, aka yi salla, kowa ya nufi mazauninsa.

Sama ta yi wankakke a ranar, ja a ƙasa, sa'an nan ruwan ɗorawa, sa'an nan wani kore-kore da ban san sunansa ba. Na daɗe ban ga komai ba. Can sai ga shi, siriri kamar yankan farce, a saman giginyar mashaya. Na yi yadda aka koya mana: na rufe ido, na kalli ƙafata, na sake ɗagowa. Yana nan. Na sake, yana nan. Na tashi na zagaya bayan kuka, na durƙusa na zana a hankali, na ɗaga ƙahon dama kaɗan, na yi ɗan layi a ƙasa a madadin giginya. Na jira ya duba. Bai sunkuyo ba. Fuskarsa tana kallon wani wuri a bayan kafaɗata. Sai ya miƙo hannu, ya laluba ya samu wuyan hannuna, ya gangara ta yatsana har cikin yashi, ya bi ramin zanen da kan yatsunsa daga ƙaho zuwa ƙaho, sannu a hankali, kamar mai shafa kan jariri.

“Na dama ya ɗara?”

“Ya ɗara, Baba.”

“Bisa giginya?”

“Bisa giginya.”

Ya yi hamdala, ya shafe da tafin hannu. Ni kuwa na kasa tashi. Duk abubuwan da na gani a kwanakin nan, buta da shafi da bakin buhu, suka taru a kaina lokaci ɗaya. Ya ji numfashina ya canza.

“Ummaru, kar ka gaya ma ƙannenka yau. Bari su yi Sallarsu.”

Da za mu sauko bai ba ni sanda ba, sai ya ɗora hannunsa a kafaɗata. Ban taɓa sanin hannun Baba yana da nauyi haka ba. Yara suka yi gaba da Hajo, wadda ita ma ta gani ta zana, suna ta guje-guje an sake musu baki. Baffa Sambo ya matso kusa ya rage murya. Na gane daga maganarsa cewa ya daɗe da sani. Ya ce shi ya gani, yaro ya gani, babu shakka a kan wata. Abin da yake roƙo kawai Baba ya tsaya a gefensa kamar kowace shekara, shi zai ce “mun gani”, babu wanda zai tambaya. Ya ce mutum ba ya tallar ciwonsa a zauren hakimi a daren Sallah. Don ƙauna ya faɗa. Baba ya yi 'yan taku, sa'an nan ya ce:

“Mun gani, kai da wa, Sambo?”

Muka ci gaba da saukowa har muka shiga gari.

Zauren hakimi ya cika, an kunna fitila, mutane har waje. Liman ya keɓe Baffa Sambo ya tambaye shi, ya dawo ya dubi Baba don cika al'ada kawai, har ya fara juyawa wajen mai bindiga. Baba ya ce, Allah shi gafarta malam, shi bai ga watan ba, kuma ba ya jin zai ƙara ganinsa a duniya. Sa'an nan ya jawo ni daga bayansa inda na ɓuya, ya ce ga wanda ya gani. Liman ya ɗaga fitila ya haska fuskata, ya tambaya ko ɗan bokon nan ya balaga. Wani daga baya ya ce a duba haɓarsa, akwai gashi uku, shi ya ƙirga. Aka fashe da dariya, ni kuwa na so ƙasa ta tsage. Liman ya tambaya wa zai tsaya mini a kan gaskiya.

“Tun yana ƙarami bai taɓa zana man watan da bai gani ba,” in ji Baba. “Ya sha sabkowa hannu wofi.”

Aka ce in faɗi abin da na gani. Na buɗe baki, babu abin da ya fito. Na sake, sai iska. Da na ga zan kunyata Baba a gaban gari, sai na durƙusa na share yashin zauren da hannu, na zana. Liman ya kawo fitila ya duba, ya ga ya yi daidai da abin da Baffa Sambo ya gaya masa a keɓe. Ya miƙe ya ce a buga. Da bindigar ta tashi mata suka ɗauki guɗa daga gida zuwa gida, mutane suna kama hannuna suna cewa Malam ya yi magaji, Allah bai bar Kebbe babu ido ba.

Wannan maganar ta shige ni. A filin idi ina riƙe da hannun Baba na yanke shawara ba zan je Sakkwato ba. Ban ji kamar na yi hasara ba. Daɗi na ji, irin wanda ban taɓa ji ba, domin karo na farko ke nan da na ga inda aka ajiye mini wuri a duniya. Na gaya wa Inna tana daka. Ni ɗan fari ne, ba ta kama sunana, ba ta ma cika dubana ba in tana magana. Ta tsayar da taɓarya, ta ce wa turmi Allah ya yi wa mai wannan magana albarka, ta goge ido da bakin zane ta ci gaba da daka. Bayan Sallah da kwana kaɗan Kawu Bello ya iso a kan kekensa don ya tafi da ni, ya tarar da wannan. Ya yi faɗa a zaure har maƙwabta suka leƙo. Ya ce za a binne yaro mai ƙwaƙwalwa a kan dutse saboda abin da ake yi sau biyu a shekara. Ya ce nan gaba kaɗan rediyo ce za ta riƙa gaya wa kowa an ga wata. Inna ta amsa masa daga bayan zana cewa rediyo ba ta kai makaho masallaci. Baba yana zaune yana jan tasbaha.

Washegari da aka idar da asuba ya ce in kai shi Dutse. Ban taɓa hawansa da safe ba. Raɓa babu, amma marmara da sanyinta, zabbin daji suna tashi a gabanmu. Muna tsakiyar hawa na ji ruwa yana kaɗawa a bayanmu, na waiga, sai ga Hajo da gora a kai, babu wanda ya kira ta. Da muka kai sama na nufi bakin yamma kamar yadda ƙafata ta saba, sai ya ce a'a, in juya da shi arewa. Ya ce in gaya masa abin da nake gani. Na gaya masa gonaki an sassabe, hayaƙi yana tashi inda ake ƙona kututture, ga shanun Baffa Sambo suna gangarawa mashaya, ga hanyar Tambuwal ja tana shiga cikin itatuwa. Ya tambayi gonarmu ta fadama. Gaskiya shingenta ya faɗi ta gefe ɗaya, awaki suna ciki. Amma sai na ce tana nan lafiya, sai ɗan gyara.

“Shinge ya faɗi, Baba,” in ji Hajo daga baya. “Awaki fuɗu na ciki, har da ta gidan Liman.”

Baba ya yi dariya har ya dafa ni. Da ya gama ya zaunar da ni a gabansa, ya riƙe wuyan hannuna kamar ranar nan.

“Ka ji ko? In ka zamna, kullum nika tambayarka mi kag gani, kai kuwa kana son raina shi yi sanyi. Yau ka rage kaɗan. Baɗi ka ƙara ragewa. Wata shekara gona ta ƙone ka ce man ta yi kyau, don tausai. Ni da nih hana ku aron ido, in koma ina aron naka har in ɓata shi? Tahi ka yi karatunka.”

Na ce ba zan ƙara ba. Ya ce ya sani zan yi ƙoƙari, amma zuciyata mai taushi ce, shi kuma zai riƙa jingina a kanta, ba don yana so ba. Na tambaye shi, da kukan da nake ta dannewa, wa zai riƙe masa hannu.

“Ni da nike nan kututture na?” in ji Hajo.

Baba ya ce to ga ta nan, wannan ko an biya ta ba ta iya gyaran magana ba. Shi ke nan abin da aka yi. Babu motar gyaɗa, babu gudu. Kawu ya ɗauke ni a bayan kekensa da rana tsaka, a gaban kowa, Baba yana tsaye a ƙofar zaure yana kallon inda yake jin ƙarar sarƙa. Inna ba ta fito ba, kuma ta yi shekaru tana ganin da na dage da an bar ni. Wataƙila daga nan maganar da kuke ji ta samo asali.

Ranar da aka ɗaga sabuwar tuta ina Sakkwato cikin layi da 'yar tutar takarda a hannu, ana ta murna, ni kuwa ina neman yamma da ido ta saman rufin makaranta. Na ce a raina hutu yana zuwa, zan hau da shi. Amma hutun makaranta da lissafin wata ba su taɓa shiryawa ba. In an sake mu, sai bayan an ga wata. In na iso, sai in tarar an sauko. Da na fara aiki aka yi ta jefa ni garuruwa masu nisa. Da albashina na fari na kai shi asibitin ido a Kano, likita ya haska ya ce jijiyar ta riga ta mutu. A hanyar dawowa Baba ne yake ba ni haƙuri. Na samu abin da Kawu ya hango mini, kujera da gida da ku, ban raina ba. Amma ban ƙara hawa Dutse da mahaifina ba, ko sau ɗaya. Hajo ce ta hau da shi. Wani ɗan kasuwa daga Jega ya neme ta, tana sonsa kuwa, ta ce in ba zai zauna Kebbe ba ya yi haƙuri. Ta auri maƙwabcinmu don ta kasance kusa. Idan kun je gaishe ta kuka ga tana yi muku faɗa a kan ƙaramin abu, ku tuna wannan.

Ya rasu da damina, ina wani gari da mota ba ta shiga sai ruwa ya janye. Na iso an yi kwanaki da binne shi. Da masu gaisuwa suka ragu, Hajo ta zaunar da ni a ɗakinsa ta ba ni labarin shekarun da ba na nan. Ta ce bai ƙara shiga zauren hakimi da sunan shaida ba, amma bai fasa kwasar yara ba, har jikoki. Yakan zauna bayan kuka, su zo su zana, ya bi da yatsa, in yaro ya tafi ya juyo wajenta, ita kuma ta ce gaskiya ne ko ƙarya. Ta ce in kowa ya gama, yakan shafe yashin ya daidaita shi sosai, sa'an nan ya zauna bai tashi ba, duhu yana shigowa, yara suna ƙorafin yunwa. Shekarar farko ta tambaye shi me ake jira.

“Saura guda,” ya ce.

Ta ce kowace shekara sai ya faɗa, sa'an nan ya miƙo mata hannu su sauko.

Da azumin ya zagayo na nemi izini a wurin aiki, aka hana, duk da haka na tafi. Na hau ni kaɗai ranar ashirin da tara, da gora a hannu da tabarau a fuska. Yashin yana nan a kwarminsa, ganyen kuka ya rufe shi. Na share. Na ga watan a wannan yammaci, na rufe ido na buɗe, yana nan. Na zagaya na durƙusa na zana shi, na zauna ina jira, ban san me ba. Da duhu ya rufe na tashi na bar zanen yadda yake.

Yanzu ku ne masu ƙafa. Na san rediyo tana faɗa, wayoyinku ma suna faɗa tun kafin a sha ruwa. Duk da haka ku kwashi yaran nan ku kai su, ƙaramin a gaba, gora a kan mai azumi, ku warwatsa su kada wani ya ga inda wani yake kallo. Ku tafi da ɗan yashin gulbi, na can ya yi ƙasa. In kuma Allah ya kai mu, kuma akwai masu ƙarfin da za su tallafe ni, ku zaunar da ni bayan kuka. Kada wanda ya gyara mini magana don tausayi. Ku dai bar su su zo su zana. Yatsuna har yanzu suna ji.